Ganyen Kan Juji: Ƙarafan da Ke Hawa Daga Saiwa Zuwa Tukunya

Da zarar ruwan farko ya sauka a yammacin Jihar Kano, juji ne ke riga ko'ina yin kore. Tun shukar gona ba ta gama fitowa ba, alayyafo da tafasa da kabewa sun riga sun tsiro da kansu a kan tarin sharar da ke bayan gari, ganyensu fato-fato, launinsu shar, sai ka ce an yi musu ban-ruwa. Wanda ya bi ta garuruwan Ƙaraye da Rogo, ko ya ratsa Daura ta Ƙaramar Hukumar Ƙaraye, wadda ba ita ce Daurar Jihar Katsina ba, ba zai rasa ganin irin wannan ba. Mai miya takan aiki yaro ya tsinko mata, mai akuya ya yanko wa dabbarsa, manomi kuwa ya jira rani ya kwashe ƙasar jujin a amalanke ya kai gona ko lambu.

Babu mai cewa manomin nan ya yi wauta, domin hikimarsa tsohuwa ce. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya bayyana tun a shekarun 1960 yadda jakuna ke shiga birnin Kano da itace, su fito ɗauke da taki zuwa gonakin kewaye. Da wannan dabara ce aka riƙa noma gona guda shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba. Wani bincike da C. P. Lewcock ya buga a 1995 ya nuna cewa manoman kewayen Kano suna biyan kuɗi domin a kai musu sharar birni. Abin da ya sauya shi ne jujin kansa.

Jujin da da na yanzu

Hausawa kan ce babba juji ne, kowa ya kwaso shara sai ya zuba masa. Amma sharar da masu karin maganar suka sani ita ce toka, da kashin dabbobi, da ƙaiƙayi, da ɓawon gyaɗa, da fasasshiyar ƙwarya. Duk waɗannan daga ƙasa suka fito, kuma idan suka ruɓe ƙasa suke komawa. Jujin yau yana karɓar baƙin da kakanni ba su sani ba: mataccen batirin rediyo da na tocila, da fitilar caji da ta lalace, da dogon ƙwan lantarki, da gwangwanin fenti, da guntun taya, da tsohuwar wayar hannu, da baƙin man inji. A cikin waɗannan ne ƙarafa masu nauyi suke.

Abin da masana kimiyya ke nufi da ƙarfe mai nauyi shi ne ƙarfen da nauyinsa ya ninka na ruwa kamar sau 5 ko fiye, idan aka auna su cikin mudu guda. Dalma ta ninka ruwa sau 11.3, zaiba sau 13.5, kadmiyom kuwa kimanin sau 8.7. Wasu daga cikinsu, kamar baƙin ƙarfe da zink da jan ƙarfe, jiki da tsiro suna bukatarsu kaɗan-kaɗan, sai sun yi yawa suke cutarwa. Amma dalma da kadmiyom da zaiba ba su da wani aiki a jikin ɗan Adam sai ɓarna. Batirin mota da na sola, da ƙananan batura da ke cikin fitilun caji da yawa, dalma ce cike da su. Tsofaffin batura masu caji na nikel suna ɗauke da kadmiyom. Dogon ƙwan lantarki yana da zaiba, taya kuma tana da zink.

Akwai wata gaskiya guda da ya kamata ɗalibi ya riƙe, domin duk sauran bayani a kanta ya rataya. Ɓawon gyaɗa haɗaɗɗen abu ne, ƙwayoyin halitta na ƙasa suna iya warware shi. Dalma kuwa sinadari ne na asali, babu abin da za ta warware ta koma. Ba ta ruɓewa, kuma wuta ba ta kashe ta. Idan aka cinna wa juji wuta, kamar yadda aka saba, takarda da leda da kara za su tafi cikin hayaƙi, zaiba da wani kaso na sauran ƙarafan su bi iska, ragowar kuwa su taru cikin ɗan tokar da ta saura. Wato ƙonawa tana rage tarin shara, amma tana ƙara yawan ƙarfe a cikin kowane mudu na abin da ya rage. Masu bincike M. W. Pasquini da M. J. Alexander sun yi nazarin irin wannan tokar shara da masu lambun Jos ke amfani da ita, suka buga sakamakonsu a 2004. Toka ce mai amfani ga ƙasa, amma abin da ke cikinta ya danganta da abin da aka ƙona.

Yadda tsiro ke shan abin da bai nema ba

Tsiro ba ya cin ƙasa, ruwan da ke cikinta yake sha. A jikin saiwa akwai siraran gashi da ido ba ya gani sosai, kuma a fatar ƙwayoyin halittarsu akwai wasu ƙofofi na musamman, kowace da irin abincin da take shigarwa: wannan ta zink, waccan ta baƙin ƙarfe, wata ta manganis. To, kadmiyom ɗan'uwan zink ne na kusa. A jadawalin sinadarai yana ƙarƙashin zink daidai, a layi guda, kuma halayensu sun yi kama ƙwarai. Hasali ma, a cikin wani sinadarin zink ne Bajamushe Friedrich Stromeyer ya fara gano shi a 1817. Saboda wannan kama, sai kadmiyom ya bi ƙofar zink ko ta baƙin ƙarfe ya shige, kamar baƙon da ya saje da 'yan gida ranar biki.

Da ya shiga saiwa, sai ya tarar da hanya a buɗe. Ganye yana da dubban ƙananan huduji da ruwa ke fita ta cikinsu ya bi iska, musamman da zafin rana. Wannan fitar ruwa ita ke janyo wani ruwan daga ƙasa ta cikin siraran bututu da ke jikin kara, kamar mai zuƙar ruwa da tsinke. Ruwan ya tafi, amma abin da ya narke a cikinsa ya tsaya a ganye. Kullum haka, har ranar da za a yanke. Wannan shi ne dalilin da ya sa kayan ganye, irin su alayyafo da latas da kabeji da lalo da rama da yakuwa, suka fi tara kadmiyom bisa ga hatsi da 'ya'yan itace. Ƙwayar masara ko ɗan tumatir ba ya fitar da ruwa kamar ganye, kuma yawancin abincinsa ta wata hanya dabam yake samu, bayan tsiron ya tace. Abin takaicin shi ne, a wurin kayan miya, wannan ma'ajiya ita ce ainihin abin da ake ci.

Dalma halinta dabam ne. Tana manne wa laka da ruɓaɓɓen taki ƙam, ba ta cika narkewa ba, kuma mafi yawan wadda ta shiga tsiro a saiwa take maƙalewa. Saboda haka dalmar da ake samu a jikin ganye sau da yawa daga waje ta zo: ƙurar da iska ta ɗora, ko ƙasar da ruwan sama ya fantsama. Gajeren tsiro mai ganye kusa da ƙasa, kamar latas, ya fi fuskantar wannan. Lambun bakin babbar hanya ma yana da nasa gadon, domin har zuwa farkon shekarun 2000 fetur ɗin da ake sayarwa a Nijeriya yana ɗauke da dalma. An daina, kuma Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe a duniya da ta daina a 2021, amma abin da hayaƙi ya zubar a gefen hanya yana nan a ƙasa.

Irin ƙasar ma tana da ta cewa. Idan ƙasa tana da tsami, wato ma'auninta na pH ya sauka ƙasa da 6 ko makamancin haka, ƙarafa sun fi narkewa su shiga ruwan da saiwa ke sha. Jigawa mai yashi ba ta riƙe ƙarfe kamar yadda lakar fadama ke riƙewa. A nan ne wani abin mamaki yake. Tokar juji tana kashe tsami, ruɓaɓɓen taki kuma yana ɗaure ƙarfe, don haka ƙasar juji tana iya ƙunsar ƙarfe mai yawa amma tsiro ya sha kaɗan. Sai dai ɗaurin ba na har abada ba ne. Idan aka kai ƙasar gona mai yashi, takin ya ƙare da ruɓewa, ruwa ya wanke tokar, sa'an nan aka yi ta zuba takin zamani irin su yuriya, wanda ke ƙara wa ƙasa tsami a hankali, to abin da aka ɗaure jiya yana iya kwancewa bayan shekaru.

Abin da aka gani a lambunan Kano

Birnin Kano shi ne wurin da aka fi nazarin wannan al'amari a ƙasar Hausa, domin a can shara da ƙazamin ruwa suka haɗu. Rafin Jakara yana ratsa tsohon birni ya kwashe ruwan kwatami, rafin Getsi kuma yana ɗauko na masana'antun Bompai, su haɗu su nufi madatsar ruwa ta Wasai. A kudancin birni, masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa suna amfani da kuromiyom wajen gyaran fata. A bakin waɗannan rafuka masu lambu ke noman kayan miyan da ake kai wa kasuwannin birni. A 2003 Tony Binns da Roy Maconachie da Adamu Tanko na Jami'ar Bayero sun buga wani nazari da ya ja hankali ga gurɓacewar ruwan da ake wannan ban-ruwa da shi.

A 2011 kuma Nafi'u Abdu da John Agbenin na Jami'ar Ahmadu Bello, tare da Andreas Buerkert na Jami'ar Kassel ta Jamus, sun buga sakamakon awon kadmiyom da zink a lambuna 6 na Kano, a jikin kayan lambu iri 4 da suka haɗa da alayyafo da latas da karas. Sun tarar kadmiyom ya fi zink saurin hawa daga saiwa zuwa saman tsiro. Amma ba su ce wanda ya ci yau zai kwanta gobe ba. Abin da suka nuna shi ne sai an daɗe ana ci kafin illa ta bayyana. Wannan hukunci ne na adalci, kuma ya fi amfani bisa ga labaran tsoratarwa, sai dai kalmar daɗewa ba ta da daɗin ji ga gidan da ba ya kwana biyu bai yi miyar ganye ba.

Idan aka kwatanta da birni, yankin Ƙaraye da Rogo yana da sa'a guda. Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992 a ƙasar Ƙaraye, kimanin kilomita 90 daga Kano, tana sama da masana'antu. Sai kogin ya gangara kusa da birni kafin ruwan jima ya same shi. Saboda haka mai lambun wannan yanki ba ya gadon dattin masana'antun Kano ta hanyar kogi. Ƙofar da ta rage a buɗe ita ce juji, da abin da mutanen gari da kansu suke jefawa a cikinsa, da kuma wuraren gyaran babura da cajin batir da ke zubar da ruwansu a ƙasa.

A jikin mutum

Kadmiyom ba ya gaggawa. Yana taruwa a ƙoda, kuma kafin jiki ya fitar da rabin abin da ya tara sai an yi shekara 10 zuwa 30. Mutanen lardin Toyama na ƙasar Japan sun ga ƙarshen wannan tafiya. Ruwan mahaƙar Kamioka ya gurɓata kogin Jinzu, aka yi ta ban-ruwan shinkafa da shi shekaru da dama, har ƙodar mutane ta lalace, ƙasusuwansu suka yi laushi suna karyewa, musamman mata masu shekaru da suka yi haihuwa da yawa. Sunan cutar, itai-itai, daga kukan zafin da majinyatan ke yi aka samo shi. A 1968 gwamnatin Japan ta amince cewa kadmiyom ne sanadi.

Dalma kuwa yara take nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa yaro ƙarami yana iya tsotse dalma daga abin da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na babba, kuma babu wani adadi nata da aka san ba ya cutarwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa mai girma, ta rage kaifin fahimta, ta kawo ƙarancin jini. Jiki yana ɗaukarta tamkar kalsiyom ya ajiye a ƙashi, kuma lokacin juna biyu tana iya fitowa ta isa ga ɗan tayi. Arewacin Nijeriya ya san dalma da mummunan sani. A 2010 aka gano gubarta a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda yara kimanin 400 suka rasu. Ba ganye ne ya kawo wannan ba, ƙurar dutsen zinariya ce da ake niƙawa a cikin gidaje. Amma maganin da aka yi wa ƙauyukan yana da darasi ga mai lambu: a Bagega, a 2013, sai da aka kankare saman ƙasa aka kwashe, aka zuba sabuwa, domin babu wani ruwan magani da ke kashe dalma. A unguwar Thiaroye-sur-Mer ta Dakar kuma, yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008, a wurin da aka daɗe ana fasa tsofaffin baturan mota.

Hukumar Kodeks, wadda Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa a 1963, ta sa iyaka ga kayan ganye: kada dalma ta wuce miligiram 0.3 a kowane kilogiram, kadmiyom kuma miligiram 0.2. A 2010 kwamitin masana na hukumomin biyu ya ƙayyade cewa kadmiyom ɗin da mutum zai iya jurewa a wata shi ne miligiram 0.025 ga kowane kilogiram na nauyin jikinsa. Ɗalibi yana iya gwada lissafin da kansa. Mai nauyin kilogiram 60 rabonsa a wata miligiram 1.5 ne. A ƙaddara yana cin giram 100 na ganye kullum, ganyen kuma yana kan iyaka daidai, to a kwana 30 ya ci miligiram 0.6, wato kashi 40 cikin 100 na rabonsa, tun ba a lissafa tuwo da ruwa ba. Idan ganyen yana da 0.5, rabon ya ƙare kaf. Ƙanensa mai kilogiram 20 kuwa duk rabonsa 0.5 ne. Mai shan taba yana da ƙarin kaya, domin ganyen taba ma gwanin tara kadmiyom ne.

A nan akwai tarkon da ke kama ɗalibai, har da wasu manya. Iyakar Kodeks a kan ɗanyen ganye take. A ɗakin bincike kuwa sai an busar da ganye, an niƙa, an narkar da shi cikin asid, sa'an nan a fesa ruwan cikin harshen wuta na wata na'ura da ke auna yawan hasken da ƙwayoyin zarra na kowane ƙarfe suka shanye, dabarar da Alan Walsh ya fito da ita a Ostireliya a 1955. Tun da kusan kashi 90 cikin 100 na ɗanyen ganye ruwa ne, adadin da aka samu a busasshe ya kan ninka na ɗanye kamar sau 10. Wanda ya gwada adadin busasshe da iyakar ɗanye kai tsaye zai yi shelar gobara inda hayaƙi ne kawai.

Abin da ke hannun mai lambu da mai miya

Ba a ce a bar miyar ganye ba. Yin haka ma ɓarna ce, domin jikin da ke da ƙarancin baƙin ƙarfe da kalsiyom ya fi tsotse dalma da kadmiyom, ganye kuwa yana cikin abincin da ke cike wannan giɓi. Ba a kuma ce a bar taki ba, ga tsadar takin zamani. Abin da ya fi sauƙi, ya kuma fi tasiri, shi ne kada batir ya shiga juji tun farko. Gidan da ya ware wani tsohon gwangwani don matattun batura da ƙwan lantarki, ya ajiye inda yara ba sa kai wa, ya tara toka da kashin dabbobi da sharar kicin a rami dabam, ya dawo da jujin kakanni. Tsohon jujin kasuwa ko na bakin tasha, wanda ba a san abin da ya haɗiya ba, bai dace da kayan ganye ba. Idan lalle sai an yi shuka a wurin, itacen inuwa ya fi dacewa, kuma a tuna cewa akuyar da ta yi kiwo a can tana tara kadmiyom a hanta da ƙoda.

Wanke ganye da ruwa mai tsabta, a canza ruwan sau biyu ko uku, tare da cire ganyen waje na kabeji da latas, yana kawar da ƙura, kuma ga dalma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shanya zogale ko kuka a ƙasa a bakin hanya yana mayar da ƙurar da aka wanke. Amma abin da ya hau ta saiwa yana cikin naman ganyen. Gishiri ba ya fitar da shi, tafasa kuma tana kashe ƙwayoyin cuta ne kawai.

Malamin kimiyya a Ƙaraye ko Rogo ba ya bukatar na'ura mai tsada kafin ya nuna wa ɗalibansa rabin wannan darasi. Ya sa su ɗebo kwano guda na ƙasar juji da shebur, hannuwansu a rufe, a ɗan yayyafa mata ruwa don kada ƙura ta tashi, a tankaɗe da rariyar waya, a ware abin da ya rage kashi-kashi, a ƙidaya gutsattsarin batir da waya da gilashi. Sa'an nan a jiƙa zoɓo a raba ruwan kofi biyu. A ɗiga lemon tsami a ɗaya, zai ƙara ja. A zuba tataccen ruwan toka a ɗayan, zai juya ya yi duhu mai ratsin kore. Da wannan ɗalibi zai ga tsami da kishiyarsa da idonsa, ya fahimci abin da toka ke yi wa ƙasa. Ruwan zoɓo dai ba zai faɗi yawan kadmiyom ba. Don wannan sai a busar da samfurin ƙasar da na ganyen a inuwa, a zuba kowanne a leda mai tsabta, a rubuta wuri da kwanan wata, a nemi sashen kimiyyar ƙasa ko na sinadarai a Jami'ar Bayero ta Kano, ko a Samaru ta Zariya.